Kiran Da Ban Yi Ba Ranar Asabar

Daga Ikara, ranar Litinin da hantsi.

Zuwa ga Badi'a, sanyin idona, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, ƙamshin ƙasata a ruwan farko, matata, kuma malamar da ban taɓa zama a ajinta ba amma ta fi kowa koya mini.

Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ya lulluɓe ki kamar yadda raɓa ke lulluɓe ganyen rake da asuba. Ki miƙa gaisuwata ga Baba Malam da Inna. Na ba Yaya Hauwa'u wannan takarda ta damƙa miki hannu da hannu, tun da wayarki tana nan cikin durowar ɗakinmu inda kika bar ta.

Wata takwas, Badi'a! An karya masara, dawa ta shiga rumbu, tumatirin rani ya yi jawur ya cika kwanduna a bakin titi, ke kuwa kina Kudan a ɗakin Inna, kin juya wa duniya baya. Duk zuwan da na yi kin fito, kin durƙusa, kin gaishe ni gaisuwar baƙo, idonki a kan tabarma. Ina muryar nan da ke cika gida kamar kukan kanari a kan mangwaro? Ina dariyar nan da kike rufewa da gefen mayafi, ta ƙi rufuwa? Wa ya ɗauke su, ya bar mini inuwarki kawai? Na san amsar, farin watana. Saboda ita na zauna rubutun nan.

Amma ki bar ni in fara da abin da ke da daɗi, ko na samu ƙarfin ƙarasawa.

Kin tuna ranar da bas ta mutu da mu tsakanin Makarfi da Ikara, a gefen gonakin rake? Kowa ya fito yana tsaki yana yi wa direba faɗa, ke kaɗai kika samu gindin maina kika zauna, kika ɗora takardun ɗalibai a gwiwa, kina bin su da jan biro kamar kina cikin ofis. Ni kuwa malamin aikin gona, da na ga Turanci a hannunki, sai na gyara murya na jefa miki wata doguwar jimla don in burge. Ba ki ko ɗago kai ba kika gyara mini kalma ɗaya a ciki. Kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Na je na sayo rake wajen mai gona, na fere, na kawo miki don in wanke kaina. A nan kika dube ni, kika ce, «Malam, ku kuna tona ƙasa ku ga saiwa, mu ma abin da muke yi wa magana ke nan.» Awa uku motar ta yi a wurin. Wallahi da ta kwana uku, da ban yi ƙorafi ba!

Da Allah ya haɗa mu gida ɗaya, kika sa na kwashe buhunan taki daga ɗakin da ke jikin zaure, muka shafa wa bango baƙin fenti ya zama allo, kafinta ya yi mana benci uku. Kika tara ɗalibai goma sha biyu masu shiga ajin ƙarshe na sakandare, kina shirya su jarrabawar WAEC ta Adabin Turanci, takardar da yara ke gudu kamar wuta. Duk Asabar ƙarfe goma. Nakan dawo daga gona in tsaya a bayan taga da fartanya a kafaɗa, ina sauraron ki kina warware musu waƙar Turawa baiti-baiti, har 'ya'yan manoma su fara gardama a kan abin da marubuci ke nufi, kamar suna gardamar iyakar gona. A lokacin nan, hasken gidana, ji nake babu mai arzikina daga nan har Zariya.

Cikinsu kuma akwai Lantana.

Kin ga, na rubuta sunan. Wata takwas babu wanda ya furta shi a gabanki. Lantana 'yar Malam Zulkifilu, daga ƙauyen da ke bayan Kurmin Kogi, wadda sai ta tsallaka rafi da ƙafa kafin ta samu acaɓa. Yarinyar da in'ina ke riƙe mata harshe in tana Hausa, amma da zarar ta miƙe da littafi tana karatun Turanci sai maganar ta zubo sumul, ajin ya yi tsit. Kin ce tun da kika fara koyarwa ba ki ga irinta ba. Kuma saboda son da kike mata kika fi tsananta mata. Asabar ɗin da ta makara, kika ce a gaban kowa duk wanda bai zo gwajin mako mai zuwa ba, kada ya ƙara taka miki aji. Asabar ta zagayo da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rafin ya cika ya batse. Sai la'asar aka same ta a cikin ciyayi, can ƙasa da mashigi. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Tun daga ranar kika ɗauki abin kika aza a kanki. Kika ce an kira gidansu an hana ta zuwa amma ta taso, saboda tsoron maganarki ya fi mata tsoron ruwa. Kika daina ci, kika daina magana, bayan mako biyu Baba Malam ya aiko aka tafi da ke.

Bari in gaya miki yadda gidan yake a bayanki. Bayan hutun ƙarshen shekara ɗaliban suka zo su goma sha ɗaya, suka tsaya a zaure. Ba su da wani malamin. Na ɗauko littattafanki da bayanan da kika rubuta a gefen shafi, ni da na san cutar tumatir da awon taki, na shiga gabansu ina karanta abin da hannunki ya bari. Ina yi ina tuntuɓe, su ke gyara mini lafazi. Amma ba wahalar Turancin ce ke cin raina ba. Duk ranar da zan raba takardun gwaji, in na ƙirga sai in tarar goma sha biyu na ware, ban san lokacin da hannuna ya yi ba. Har yau Naja'atu, ƙawarta, takan matsa ta bar gurbi a ƙarshen benci na biyu, ba ta ma san tana yi ba. In na sa su karanta baiti tare, sai in ji wata murya tana biye da tasu a baya kaɗan, ta ƙarasa bayan kowa ya yi shiru. Kuma duk Asabar, saura kwata goma, nakan ji ana buga silifas a dakalin zaure ana kakkaɓe laka. Laka a tsakiyar rani, Badi'a! In leƙa, babu kowa sai rana fetal da kaji. Na yi addu'a, na yi sadaka, na karanta duk abin da Baba Malam ya ba ni. Bugun silifas ɗin bai daina ba.

Asabar ɗin da ta wuce muna bitar wasan kwaikwayon da ke cikin manhaja. Na tambaye su me ya jawo mutuwar da ta faru a ƙarshensa, Ikrima ya ce ƙaddara ce, ni kuma na ce daidai, don in wuce. Sai Naja'atu ta ɗaga hannu. Ta ce, «Malam, ka yi haƙuri. Malama ta hana mu rubuta ƙaddara ce mu aje biro. Ta ce kowa ya san da ƙaddara, amma mai duba takarda so yake ya ga wa ya yi me, wa ya yi shiru, kuma a wane shafi.» Alli ya faɗi daga hannuna. Na ce su ci gaba da karatu, na shiga cikin gida, na zauna a bakin rijiya.

To ga shafin, ruhin raina. Ki karanta shi a hankali.

Da safen Asabar ɗin da ruwa ya ci Lantana, wayarki ba caji. Kina kwashe kaya daga inda rufi ke yoyo kika ce, «Malam, kira gidan su Lantana, ka ce kada ta taso, na ɗage gwajin.» Na ce to. Kafin in danna lambar, ruwa ya ɓalle ta magudana ya nufi zaure, na aje wayar na ɗauki shebur. Da na shigo jiƙe sharkaf, kika tambaye ni ko na kira. Na ce na kira. A raina cewa nake yanzu zan yi, minti ɗaya ne, don me za a yi mini faɗa a kan minti ɗaya? Sai maƙwabci ya yi sallama katangarsa ta zube, na sake fita. Ban tuna ba sai wajen ƙarfe goma, na kira, ba ta shiga ba.

Ban kira ba lokacin da na ce miki na kira, Badi'a. Babu wanda ya hana ta zuwa. Ba ta take umarnin kowa don tsoronki ba, saƙonki ne bai taɓa isa gare ta ba, a hannuna ya mutu. Ke kin yi abin da uwa za ta yi. Ni ne na yi sakaci, sannan na yi ƙarya, sannan na yi abin da ya fi su muni: na zauna ina kallon ki kina narkewa kamar gishiri a ruwa, kalma ɗaya za ta sauke miki kayan, na riƙe ta wata takwas don kada in ga yadda idonki zai sauya a kaina. Wane irin so ne wannan, da ya fi tsoron rasa ki a kan tsoron ki hallaka? Kaicona!

Jiya Lahadi na hau babur na tafi wajen Malam Zulkifilu. Rafin ya ƙafe ƙaf, sai yashi da sawun shanu, na tura babur ɗin na tsallaka, ban iya duban ƙasa ba. Na same shi yana gyaran shingen lambu. Na durƙusa na faɗa masa komai, yadda na faɗa miki yanzu. Ya yi ta murza igiyar da ke hannunsa. Can ya ce, «Malam Muhsin, wayata tun daren Juma'a tana shagon caji. Ko ka kira da asuba ba za ka same ni ba.» Na dubi fuskarsa ina neman gaskiyar maganar, ya kau da kai. Har yanzu ban sani ba ko haka abin yake, ko kuwa dattijon nan ya ga mutum a durƙushe ne ya yafa masa rigarsa. Ba zan taɓa sani ba, kuma ban cancanci in sani ba.

Da zan tafi ya riƙe hannun babur ɗin. Ya ce in gaya wa Malama, yarinyar nan da dariya ta fita. Uwarta ta ce ta bari ruwa ya tsagaita, yarinyar ta ce a'a, ta rubuta amsar da za ta sa Malama ta miƙe tsaye, ba za ta iya jira wata Asabar ba. Ta naɗe littafinta a leda ta ɗaure a ƙugu. Ba tsoro ya fitar da ita ba, ɗoki ne. Ya shiga ciki ya ɗauko littafin ya ba ni. Ledar ta kare shi, gefensa kawai ya jiƙe. Ban buɗe ba. Ke ta rubuta wa, yana nan cikin wannan ambulan.

Yanzu ga roƙona, kurciyata, in har mai laifi yana da bakin roƙo. Ban ce ki yafe mini yau ba. In kin ce ba kya son ganin fuskata, zan koma ɗakin Yaya Lawal a bakin kasuwa in bar miki gidan, har ranar da kika ga dama, ko da ranar ba za ta zo ba. Amma saura mako uku yaran nan su shiga jarrabawa. Na kai su iyakar inda ƙafata ke kaiwa. Har yau in an ba su waƙar da ba su taɓa gani ba sai su daskare, ni ma in daskare tare da su. Su goma sha ɗaya ne, suna da rai, kuma kowace Asabar in ƙofa ta motsa sai su juya gaba ɗaya, su ga ni ne, su mai da kai ƙasa. Ba su yi miki laifin komai ba, ke ma ba ki yi wa kowa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan zo Kudan. Zan faɗa wa Baba Malam abin da na aikata da bakina, kada ya ji a wani wuri. Daga nan zan zauna a zaurensa. In kin fito da jakarki, zan ɗauka in bi bayanki, ba sai kin yi mini magana ba. In kin aiko a ce in tafi, zan tafi, in dawo wata Juma'ar.

Na yi miki ƙarya sau ɗaya, ta ci mana wata takwas. Wannan kuwa gaskiya ce, Allah shi ne shaida: ko kin dawo ko ba ki dawo ba, babu wata bayanki, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa.

Naki, mai laifi a gabanki, mai son ki muddin numfashi,

Muhsin