Bangon Ɗakin Azara

Da sunan Allah Mai rahama. Daga Sa'adu ɗan Malam Arzika a Birnin Lalle, zuwa ga yayata Hawwa'u a zangon mijinta Agali, can Azagor. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ke da mai gida da yara da dabbobi.

Bayan haka, muna nan lafiya, gero ya shiga rumbu, mun gode Allah. Alƙur'anin da nake rubuta wa Elhaji liman, wanda na ce miki zan ƙawata bakin kowace sura da ja da shuɗi, na ajiye shi tukuna. Allunan zayyana na masu sauka ma ban karɓi ko ɗaya ba bana. Waƙar da na yi miki alkawari ki yi haƙuri da ita. Hutu kawai nake yi, kada ki sa komai a ranki.

Ga daddawa nan Rhissa mai raƙumi zai ba ki. Allah Ya sada mu da alheri. Wassalam.

*

Daga Hawwa'u zuwa ga ƙanena Sa'adu. Ina gaishe ka, ina gaida Azara, Allah Ya sa kun wuni lafiya.

Kai yaro, ni za ka yi wa haka? A gaban Baba muka koyi riƙon alƙalami tare, ni ce na riƙa fere maka shi. Na san baƙinka kamar yadda na san fuskarka. Wannan takarda ba hannunka ya rubuta ta ba. Kuma yaushe ka taɓa hutu? Kai da ko tuwo aka ajiye maka sai ka zana wani abu a kansa da yatsa kafin ka ci.

Na tsare Rhissa da tambaya, ya sunkuyar da kai ya ce shi dai kaya aka ba shi. Tun daga lokacin abinci ya ƙi shiga bakina. In ciwo ne ka faɗa mini, in kuwa wani ne ya ɓata maka rai ka faɗi sunansa. Ga cuku nan, ka ci. Allah Ya tsare mini kai.

*

Daga Azara, matar ƙanenki, zuwa ga Yaya Hawwa'u. Ina durƙusawa ina gaishe ki.

Yaya, ni na rubuta waccan takarda, shi yana faɗa. Wannan kuwa bai san da ita ba, ki yafe mini karkatattun baƙaƙena, shi ya koya mini.

Bayan girbi ya je rijiya taimakon maƙwabcinmu. Bijimin da ke jan guga ya firgita, igiya ta naɗe wa ƙanen naki hannun dama. Wanzami ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma babban yatsa da na kusa da shi sun tafi. Ciwon ya warke, shi ne dai bai warke ba. Ya mayar wa Elhaji takardunsa da kansa, ya ce maganar Allah ba a rubuta ta da hagu. Da ya dawo ya shiga zaure ya yi kuka, ban taɓa jin irinsa ba. Ƙoƙunan tawadarsa duk sun bushe. Rannan na jiƙa ƙaro zan haɗa masa sabuwa, ya ce, "Wa kike haɗa wa, Azara? Mai wannan aiki ya rasu a bakin rijiya." Yanzu sai ya wuni yana kallon ƙasa. Ko waƙar da yakan yi ƙasa-ƙasa in yana alwala ta ɗauke.

Ban san yadda zan yi ba. Ke kika goya shi, ki faɗa mini. Na bar ki lafiya.

*

Daga Hawwa'u zuwa ga Azara. Gaisuwa da godiya, Allah Ya yi miki albarka.

Na karanta, na yi kukana a bayan raƙuma inda ba wanda zai gan ni. To ya isa. Da na taso tun yau, amma Agali ya yi arewa da garke, ba ni da mai bar wa yara.

Ki daina lallashinsa, lallashi ƙara sa shi taurin kai yake yi. Ga abin da na sani game da mijinki: idonsa ba ya iya jure abu karkatacce. Tabarma ma in ta goce sai ya tashi ya gyara. Ki yi wa ɗakinki sabon yaɓe, ki samo farar ƙasa da ja, ki kama yi wa bango ado a inda zai gan ki daga zaure. Ki yi shi mummuna iyakar iyawarki. In ya yi magana ki ce ke dai ya yi miki kyau. Kada ki yi dariya.

Allah Ya ba mu sa'a.

*

Daga Sa'adu zuwa ga Yaya. Ina gaisuwa, kodayake ba ki cancanci gaisuwa ba, ke da abokiyar makircinki. Ita ke rubutawa, tana kuma dariya.

Ta yi wani dagi a bango, Yaya, wallahi kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Na daure har la'asar. Na ce, "Wannan ƙugiya ta yi ƙasa." Ta ce ita haka take so. Ban san lokacin da na tsoma hagu a ƙwaryar jar ƙasa ba. Layin farko ya fi nata muni. Na shafe, na sake, na shafe. Bango yana da haƙuri, ba kamar takarda ba.

Kin san me ya fito? Igiya. Igiyar rijiyar nan ce na kewaye ɗakin da ita, tana murɗewa, tana shiga tana fita, ƙahonin shanu a tsakani. Inda hagu ta gaza, dungun hannun dama nake dangwalawa, yana barin wani tambari mai kyau da yatsa ba ya iya yi. Daga sama na jera baitocin waƙarki da gawayi. Elhaji ya zo ya daɗe a tsaye yana karantawa. Na ce da hagu na yi. Ya ce, "Maganarka ce ai, Malam, ka rubuta ta da abin da Allah Ya bar maka." Matan unguwa sai shigowa suke yi, wata har daga Ɗan Gulbi ta aiko tana son irinsa.

Ba zan ɓoye miki ba, in na tuna Alƙur'anin nan da wani zai ƙarasa, har yanzu ƙirjina yakan yi nauyi. Amma ina cin abinci.

Waƙar ba ta ɗaukuwa a jakar Rhissa, kuma na fita da adon har bangon waje. Ruwan farko zai wanke shi. In kina son gani, ki zo kafin damina. Allah Ya kawo ki lafiya.

*

Daga Hawwa'u. Ina gaishe ku duka biyu.

Agali ya dawo, an ɗaura wa raƙumi sirdi. Azara, ki dama fura da yawa. Kai kuma ka bar mini wuri a bangon, ko tafin hannu ne, ni ma zan yi mummunan nawa, kuma in ka gyara shi sai na ja kunnenka.

Ina tafe.