Kwalin da Kika Ɗaure a Gefen Zani

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ga ɗiyarki Hadiza ta sake zuwa da magana. Daminar bana ta cika shekara bakwai da rasuwarki, kuma har yau ban faɗa miki abin da ya kamata in faɗa ba.

Kwalinki yana wurina. Shuɗin kwalin magani nan da wata nas ta ba ki a Kaura, lokacin da kika sha wata ƙwaya leɓɓanki suka kumbura, borin jini ya feso miki. Ta ce ki riƙa nuna shi duk inda za a ba ki magani. Ba ki iya boko ba, sai kika haddace launinsa. Ko kasuwar Zurmi za ki je, yana ɗaure a gefen zaninki. Kina yawan ce mini, "Ke Dije, jinina bai shiri da wanga. In kin gane shi, ki guje mishi."

Na gan shi, Inna. Ban guje masa ba.

Kin tuna daminar da tari da zazzaɓi suka kwantar da ke a Birnin Tsaba, hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga? Ina gida hutu, shekarata ta farko a makarantar koyon aikin lafiya, ina ta hura hanci ana kirana likita. Ni na karɓi kwalin daga hannunki na tafi kemis. Mai kemis ya juya shi, ya ce shi ba ya ma sayar da mai shuɗin kwali. Gaskiya ya faɗa. Nasa kore ne, na wani kamfani daban. Ya ɓare ƙwayoyi kala huɗu, har da ta koren kwalin, ya zuba a leda, haɗin da kowa ya saba saye, ba suna ba takarda. Magani ɗaya ne a cikin shuɗin da koren. Sunansa na ainihi yana nan da ƙananan baƙaƙe a ƙasan kwali, ni mai boko ban duba ba.

Bayan 'yan kwanaki idanunki suka yi ja, bakinki ya fashe. Maƙwabta suka ce ƙyanda ce ta manya, wasu suka ce jifa aka yi miki. Da zazzaɓin ya ƙaru, sai na ƙara dagewa ki sha maganin a kan lokaci. Da hannuna nake ɗaga kanki, ina lallashinki ki haɗiye. Kina haɗiyewa don kin yarda da ni.

Ranar da muka samu motar Kaura, fatarki tana saluɓewa kamar wadda ruwan zafi ya ƙona. Likita ya tambaye ni wane magani kika sha. Na miƙa masa leda da ƙwaya biyu a ciki, da kwalinki. Ya dube su, ya dube ni, ya juya ya koma kanki. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ina aiki a ɗakin ba da magani na wani asibiti a Shinkafi. In babu layi, nakan buɗe waya in karanta abin da masu bincike suke ganowa, kuma wallahi baƙin ciki nake ƙara wa kaina. Akwai magungunan da ake gwada jinin mutum tun kafin ya sha, a gane ko jikinsa zai ƙi su. Akwai ɗigon da ake sa wa fata a ga abin da take ƙi. Wanda maƙogwaronsa ya toshe farat ɗaya, an yi masa maganin fesawa a hanci, ba sai an nemo mai allura ba. Waɗanda suka tsira daga irin ciwonki ana gyara musu ido, ana koya wa gaɓoɓinsu motsi har su koma aiki. Duk na karanta. Sai in ɗaga kai in ga wata tsohuwa daga Sakajiki ta kwance bakin mayafi tana nuna mini ƙwayoyi tsirara, tana cewa irin wannan ja ɗin take so.

Na san ba duka waɗannan ne za su cece ki ba. Ke ba ki buƙaci na'ura daga Turai ba. Mutum ɗaya kika buƙata da zai karanta layi ɗaya, kuma kin biya kuɗin makaranta don ki samu wannan mutum a cikin gidanki. Wannan ne ke ci mini rai.

Kin yi takwara, Inna, na haifi ɗiya. Muna kiranta Ummi, shekararta huɗu, da wushiryarki sak. Watan jiya na kai ta Banga wurin kakarta ta wajen uba, mura ta kama ta, aka sayo mata haɗi. Da aka kira ni aka ce idonta ya yi ja, leɓenta ya fashe, ban tsaya neman takalmi ba. Na isa na ƙwace ledar, na ɗaga murya a gaban surukata, abin da ba ki koya mini ba. An tsayar da maganin da wuri. Leɓenta ya warke, tana nan tana ɓarna.

Na je wurin baduku na sa ya ɗinka mata laya. Ya tambaye ni abin da za a naɗe a ciki, na ce babu komai, a waje za a yi rubutun. Ya zana sunan maganin nan na kwalinki da manyan baƙaƙe, boko a gaba, ajami a baya. Mutane suna ta magana, wai na mayar da laya allon kemis. Su yi ta yi.

Na yafe wa mai kemis tuntuni. Ɗayar ce na kasa yafe wa, wadda ta ɗaga kanki ta ce ki haɗiye.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya haskaka makwancinki, ya sa zafin da fatarki ta sha ya zama kaffara. Ya raya takwararki. Ni kuma ki yafe mini, don kin nuna mini kwalin, kin yi naki.

Ɗiyarki,
Dije