Ɗinkin da Inna Ba Ta Yarda da Shi Ba

Tudun Wada,
Agusta, 1993.

Zuwa ga Yaya Surajo a Fatakwal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Luba da yara. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a kasuwa. Mu nan lafiya lau, ruwa yana sauka, masara har ta yi goyo. Sai dai ni raina a ɓace yake, kuma Inna da ƙanwarka Barakatu ne suka ɓata shi.

Ka tuna shekarun baya da aka kai Barakatu asibiti a Zariya, likita ya ce ya ga wata alama wadda in an bar ta za ta zama ciwon daji, aka yanke ɗan wuri a bakin mahaifarta. To aikin ya yi, alhamdu lillahi. Duk shekara ina jan ta gwaji tana tirjewa, kuma har yau ba a sake ganin komai ba. Amma abin da aka yanke bai dawo ba. Wurin ya yi rauni, shi ya sa ciki biyu suka zube da sun fara nauyi, ba iska ba ce kamar yadda Inna ke ta faɗa. Yanzu tana da na uku, ya tsufa. Likita ya ɗinke bakin mahaifar, ya ce ta huta, kuma lallai a cire zaren a asibiti kafin naƙuda ta zo. In ba haka ba zai yaga ta, a rasa ɗa, wataƙila har da uwa.

Ana cikin haka sai Inna ta aika wai lokacin goyon ciki ya yi, haihuwar fari a gida ake yin ta. Mijinta Dikko yana tsaye likita ya yi duk bayanin nan, amma wai kunya ba za ta bar shi ya ambaci cikin matarsa a gaban surukai ba. Ya ɗauko ta daga Ɗansoshiya a akori-kura, ya sauke ta a rugar Inna can bayan Doguwa, ya sunkuyar da kai ya juya abinsa. Don Allah Yaya, wannan kunya ce ko wauta?

Da na ji, na tafi. Na tarar da Barakatu da taɓarya a hannu tana dakan gero, don kada a ce ta zo gida ta miƙe ƙafa. Na fizge taɓaryar. Ashe ita ma ba ta gaya wa Inna komai ba. Ni na ajiye kunya na fayyace mata, sai ta ce ita ba ta taɓa jin an ɗinke mace kamar ƙwarya ba. Ta ce duk ta haife mu ita kaɗai, ba wanda ya ji ko tarinta, ungozoma sai dai ta zo yankan cibiya. In na ɗauke Barakatu, wai mata za su ce ta kasa riƙe 'yarta. Na tuna mata rafin nan da in ya cika ko babur ba ya ƙetarewa, ta ce Allah ke raya mutum. Na ce Shi ne kuma Ya ba likitan sani, sai ta juya mini baya tana kaɗa nono.

Da zan tafi, Barakatu ta fito yi mini rakiya. A bakin hanya ta riƙe gefen zanena, ta ce wannan cikin yana motsi sosai. Ta ce na farko da na biyu ba ta ji kukansu ba, tana so ta ji na wannan. Wallahi ban san sa'ad da fushin ya koma hawaye ba.

Tun rasuwar Baffa maganarka kaɗai Inna ke ji. Kada ka aiko da saƙo, za ta ce mai saƙon ne bai fahimta ba. Ka bar wa abokin cinikinka Gwadabe shanun da kake sayarwa ka zo da kanka kafin wata ya kama, mu dawo da Barakatu nan kusa da asibiti. Na share mata ɗaki. Taɓaryar ma na taho da ita, ko da yake na san za ta ari ta maƙwabta.

Ka gai da Luba, da Sani da Saude, da Gwadabe. Maigidana Ladan yana gaishe ka, ya ce motarsa tana nan a shirye. Kai kaɗai muke jira, Yaya, cikin kuwa ba ya jiran kowa.

Wassalam.
Ƙanwarka,
Tasalla