Huda Biyu a Tayar Baya

Tudun Wada, Minna
11 ga Maris, 2013

Ƙanena Sheshi,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna, da iyali, da aikin gareji. A gaida mutanen Bida.

Buɗe ledar da direba ya ba ka tare da takardar nan. Tiyub ne na tayar baya ta keken nan mai batir da ka kawo mini. Na aiko da shi ne don in na faɗa a waya za ka ce Yaya ta fara. Ƙirga facin: biyar, cikin sati bakwai. Na shidan ban bari an liƙe ba, na zagaye shi da jan biron da nake duba jarrabawa. Huda biyu ne, gefe da gefe, kamar an auna da rula, kuma na baya ma duk haka suke. Ƙusa ba ta yawo da 'yar'uwarta, Sheshi. Ƙaya ba ta haihuwar tagwaye. Wannan aikin hannun mutum ne.

Jonah, mai facin da ke bakin shagon Alhaji Kudu, shi kaɗai ne a hanyar makarantarmu yake yarda ya kwance tayar baya, saboda wayoyin injin da ke cikin wilin. Ya san ba ni da wani. Sai ya liƙe nan, ya ɗan tsira can, yadda bayan kwana bakwai zan dawo. Kuma kullum waƙarsa ɗaya: “Malama, iska ta yi kaɗan.” Ya buga mini iska har tayar ta zama dutse.

Ranar Alhamis ta sake sacewa, ga shi ina da darasin farko. Na tura shi cikin rana, keken da nauyinsa ya kai mushen jaki. Da Jonah ya tsoma tiyub ɗin a bahonsa, na ga kumfa layi biyu na tashi, sai na fizge shi, na ɗaga sama a gaban masu sayen ƙosan matarsa Christiana. Na ce ku duba aikin ɓarawo. Ya ce, “Malama, ki bari in nuna miki.” Na ce shekara ashirin da biyu ina koyar da kimiyya, ba mai koya mini halin iska da bahon ruwan datti.

Daga nan na shiga wajen Alhaji Kudu, wanda 'ya'yansa huɗu suka bi ta hannuna. Ya ce Jonah ya kwashe injinsa na buga iska daga bakin shagon kafin ƙarshen wata.

Ka aiko mini sabon tiyub, ka kuma rubuto abin da ka gani a wannan, in nuna wa Alhaji.

Yayarka,
Aziza


Bida
14 ga Maris, 2013

Yaya Aziza,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa da ladabi. Inna tana gaishe ki, ta ce ki rage faɗa, zafi ya yi yawa bana.

Na duba tiyub. Yaya, ki zauna kafin ki ci gaba.

Facin nan biyar aiki ne mai kyau. Da yaran garejina suna faci haka, da na huta. Huda biyun kuma ba mutum ne ya yi ba. In iska ta yi kaɗan a taya, kika faɗa rami, tayar takan lotse har ƙarfen wili ya matse tiyub da ƙasa. Bakin ƙarfen biyu ne, dama da hagu, shi ya sa hudar take zuwa biyu. Mu nan cizon maciji muke ce masa. Kekenki ba irin na Baba ba ne: inji yana baya, batir yana ƙarƙashin sirdi, ga littattafan 'yan aji hamsin, ga ke, ba da rashin kunya ba. Duk a kan taya ɗaya.

Abin da ban gane ba shi ne wannan. Kin ce yana buga iska har ta zama dutse. Na cika tiyub ɗin, na bar shi kwana guda da sabon faci, bai rage ko kaɗan ba, bawul ɗinsa, wato bakin da ake buga iska, lafiya lau. To ina iskar take zuwa? Akwai mai taɓa miki keke a gida ko a makaranta?

Sannan a kwalin da na kawo akwai famfo, da madubi, da ɗan geji na auna iska. Adadin da ake so yana rubuce a jikin tayar. Kin taɓa gwadawa?

Ga sabon tiyub. Takardar Alhaji kuwa, ki yi haƙuri, ba zan iya rubuta ta ba.

Ƙanenki,
Sheshi


Tudun Wada, Minna
19 ga Maris, 2013

Sheshi,

Sallama da gaisuwa. Kada ka karanta wa Inna wannan.

Babu mai taɓa mini keke. Ni ce.

Ka san Minna a watan Maris. A makaranta babu inuwar ajiye keke, a rana yake yini. Ni kuwa duk shekara sai na ɗaura balan-balan a bakin kwalba, in tsoma ta a ruwan zafi, in nuna wa yara yadda iska ke kumbura. Wata rana kuma tayar wata tirela ta fashe a gabana kusa da gadar Chanchaga, har yau ina jin ƙarar. Sai na haɗa biyu da biyu, na samu bakwai. Duk ranar da Jonah ya cika taya, ina isa gida sai in sa tsinken ashana a bawul, in rage, har sai ta yi laushi in na danna. Ina yi ina jin daɗin kaina, wai na fi mai faci sani. Bayana ma ya fi jin daɗin hanya.

Kwalin yana ƙarƙashin gado. Gejin yana cikin ledarsa, ko yagewa ban yi ba. Tayar gaba ma haka nake yi mata, don haka na auna ta. Ko rabin abin da aka rubuta ba ta kai ba. Na karanta littattafan da za su cika ɗakin nan, amma rubutun da ke jikin tayata ban taɓa sunkuyawa na karanta ba.

Sau shida mutumin nan yana gaya mini. Me ya hana shi ɗaga murya? Kai kuma me ya hana ka buɗe kwalin ka nuna mini? Na kwana biyu ina neman wanda zan ɗora wa, duk inda na juya sai in tarar da tsinken ashana a hannuna.

Jiya na je wajen Alhaji Kudu. Babu Jonah, babu kaskon ƙosai, sai tabon baƙin mai a ƙasa. Bai jira ƙarshen wata ba. Alhaji ya ce sati guda ya zauna ba wanda ya kawo masa ko tayar baro, masu babura suna wucewa suna ce masa mai tagwayen huda. Ranar Asabar ya kwashe. Alhaji ya ce in ya dawo kafin ɗaya ga wata wurinsa na nan, in ba haka ba ya riga ya yi wa mai sayar da katin waya alkawari. Ya dube ni ya ce, “Malama, ai don ke ce na yarda ban bincika ba.” Da marina ya yi da ya fi sauƙi.

Na rubuta wa Jonah. Malama Alice ta ofishinmu cocinsu ɗaya, ita za ta kai.

Aziza


19 ga Maris, 2013

Malam Jonah,

Bayan gaisuwa. Bincike ya nuna cewa matsalar tayar ƙarancin iska ce, ba aikinka ba. An samu kuskuren fahimta, kuma ina baƙin ciki da abin da ya faru. Alhaji ya amince ka koma wurinka kafin ɗaya ga wata.

Malama Aziza


Chanchaga
24 ga Maris, 2013

Malama,

Ina gaisuwa. Ni ce Christiana, matar Jonah. Takardarki ta zo. Maigida ya ce ba zai amsa ba, ni na ce zan amsa.

Mun karanta sau uku, muna neman wanda ya yi kuskuren. Ba mu gan shi a ciki ba.

Malama, shekara sha ɗaya muna wurin nan. Har fulawar cincin ɗin Kirsimeti a shagon Alhaji nake saye. Ran nan da kika ce ɓarawo, mutum kusan ashirin ne a tsaye, waɗansu da ƙosaina a baki. Takardarki mutum biyu ne suka gani. In mun koma da ita a aljihu, wa zai kawo taya?

Maigida ya san kina rage iskar. Tun faci na biyu ya ga guntun ashana a bawul. Na ce ka gaya mata a gaban mutane. Ya ce babbar malama ce, ba za a kunyata ta a titi ba, zai samu ranar da ba kowa. Ranar ba ta zo ba.

Alhamis da ƙarfe bakwai za mu zo da injin da kasko, ba za mu sauke daga mota ba. In kin zo, to. In ba ki zo ba, mu juya.

Allah ya ba mu alheri.
Christiana


Tudun Wada, Minna
28 ga Maris, 2013

Ƙanena,

Gaisuwa. Na je. Na tura keken da ƙafa, da sabon tiyub a jaka da ashana a hannu. Na tsaya a inda na tsaya ran nan, na faɗa da muryar da nake kiran suna a aji: ni ce nake rage iskar, mutumin nan bai cuce ni ba, ni na yi masa ƙazafi. Na nuna musu yadda nake yi da tsinken. Wani mai babur ya yi dariya har ƙosai ya shaƙe shi. Akwai iyayen ɗalibaina biyu a wurin.

An sauke injin. Jonah bai ce ya yafe ba, ni ma ban tambaya ba. Ya sa tiyub, ya cika, ya karɓi gejina ya nuna mini lambar. Sannan ya ɗauki filaya ya ɗaure murfin bawul ɗin tamau.

Na gwada da na iso gida. Ba ya buɗuwa.

A gaida Inna.

Yayarka,
Aziza