Ni na buɗe musu ƙofa, maigida yana so in ce tilasta ni suka yi

Malama Zara'u, ki taimake ni da shawara kafin Litinin.

Tun ran 1 ga Mayu 1999 nake ɗauke da wani ciwo a zuciya. Ranar ce na tara ma'aikatan wata masana'antar man gyaɗa a kan hanyar Maijirgi, muka kafa sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, a ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke tsakar filin. Ni ne kontabul mai lissafin kuɗi a lokacin, na yi lise, wato babbar sakandare, a Maraɗi. Maigida ya ce mun yi taro a filinsa ba izini, ya kira jandarma, na kwana a kulle, aka kore ni. Ko sannu babu wanda ya biyo ni da ita. Na koma noman hatsi a Kanan-Bakashe har ƙarfi ya ƙare. Da tsohon maigidan ya rasu, ɗansa da ya gaje shi ya ba ni gadin ƙofar masana'antar.

Yanzu wani Lamine ne sakataren sandika. Sa'an ɗana ne, Faransancinsa ma duk a karye, amma shi ake kira rediyo, shi ake tashi wa tsaye. Lahadin da ta wuce suka zo taro kan ƙurar ɓawon gyaɗa da ke sa ma'aikata tari. Ni na buɗe musu da hannuna. Har rigar Juma'a na sa, ina zaton za a ce in zauna a gaba. Sai Lamine ya ce wai Baba ya duba musu babura. Na tsaya a rana ina jin tafi daga inuwar bishiyar nan.

Maigida ya ce Lahadi ba ranar aiki ba ce, don haka kutse suka yi, kuma zai kai ƙara. Yana so ran Litinin in gaya wa jandarma tilasta ni aka yi. In na ce da son raina na buɗe, gadin ya tafi. In na bi bakinsa, Lamine zai ɗanɗana abin da na ɗanɗana, kuma wallahi raina yana so. Shin taron nan laifi ne a doka? In laifi ne, me ya sa ni kaɗai na biya? Waɗanda suka san ni na kafa sandikar duk sun mutu.

Tsohon sakatare, Tasawa

Baba, Allah ya huci zuciyarka. An zalunce ka a da, kuma ran Lahadi an yi maka rashin kyautawa.

Ni ba lauya ba ce, amma ma'aikacin da mai makulli ya buɗe wa ƙofar wurin aikinsa, ya zauna ya tashi bai fasa kome ba, ba ɗaya suke da mai haura katanga ba. Maigida ma yana da tasa hujjar: fili nasa ne, ya kamata a sanar da shi. Wannan magana ce ta sufeton ƙwadago, can ya kamata a fara kai ta.

Abin da ake nema daga bakinka kuwa shaidar zur ce. Ma'aikata da yawa sun gan ka kana buɗewa cikin rigar Juma'a. Ranar da ƙaryar ta tonu, maigida zai janye jikinsa, kai za a riƙe.

Lamine yana yaro lokacin da aka kulle ka. Mai yiwuwa bai taɓa jin labarin ba, tunda kai da kanka ka ce masu sani sun tafi. Ka neme shi yau, kada ka jira Litinin. Ka faɗa masa abin da maigida ya nema, ka kuma faɗa masa ko kai wane ne. Kai ma ma'aikaci ne, kare gadinka nauyi ne a kan sandika, sai su raka ka wurin sufeto.

Ba zan ce maka aikin ba zai tafi ba, yana iya tafiya. Amma ka san ɗacin kwana a kulle saboda taro, kada a ce da bakinka aka kulle wani. Allah ya ba ka lafiya, ya tsare maka abincinka.

Zara'u