Kwalbar Nuriyya da Na Kasa Cikawa

Don girman Allah, Malama, ki taimake ni da shawara, abin nan ya hana ni cin tuwo.

Ni mai kitso ce a Tasawa. Ƙanwata Nuriyya a hannuna ta tashi tun rasuwar innarmu. Tana shekara bakwai kwarkwata ta addabe ta, sai wata maƙwabciya ta kawo mini man tsohuwar transfoma ta lantarki, irin wanda ake saidawa a ɓoye. Na shafa mata, kwarkwata ta mutu, gashi ya yi sheƙi. Shi ke nan na riƙe shi. Ko kai, ko faso, ko ƙaiƙayi, shi nake shafa mata duk Juma'a, har ta yi aure. Ni sakarya har yabon kaina nake yi!

Yau shekararta takwas a ɗakin miji a Korgom, ɓari biyu, ba goyo. Likita a Maraɗi ya ce ƙwayayen haihuwarta ba su da ƙarfi. Watan jiya ina tsakiyar kitso na ji a rediyo wai tsohon man nan yakan ɗauki wata guba da ba ta ruɓewa, ta shiga ta fata, ta kwanta cikin kitsen jiki shekara da shekaru, har ta taɓa haihuwa. Wallahi matsefi ya faɗi daga hannuna.

Ita baiwar Allah tana can tana shan jiƙo, tana cewa ko wani zunubi ta yi. Shekaranjiya ta aiko ɗan kabu-kabu da kwalbarta, wai in cika mata man Yaya. Kwalbar na nan bisa taga, na kasa cikawa, na kasa mayarwa. In na faɗa mata, da wane ido za ta dube ni?

Yayar da ta cuci ƙanwarta, Tasawa

Amsa

'Yar'uwa, fara da goge wannan suna da kika ba kanki. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma kwarkwata kika yi niyyar kashewa. Babu mai iya rantse miki cewa man ne. Irin wannan guba tana iya raunana ƙwan mace, gaskiya ne, amma sanadin rashin haihuwa yana da yawa, shi ya sa mijinta ma ya kamata a auna shi.

Sai dai ba zan shafa miki zuma a baki ba. Jiya ba ki sani ba, yau kin sani. Shirun da za ki yi daga yanzu, shi ne laifin.

Ki daina shafa wa kowa. Sauran man kada ki ƙona, kada ki zuba kusa da rijiya. Toshe shi, ki tambayi ma'aikatan lafiya inda za a kai. Ki raka Nuriyya wajen likitanta, ki faɗi shekarun da ta yi tana shafawa, don ba ya maganin abin da aka ɓoye masa.

Za ta iya yin fushi. Ki bar ta ta yi, haƙƙinta ne. Amma shekara takwas tana neman laifinta, ke kaɗai za ki iya ce mata ba ta da shi.

Kwalbar nan kada ki ba ɗan aike. Ki kai ta Korgom da ƙafarki, wayam. In ta tambayi dalili, kin sami bakin zaren.

Allah Ya ba Nuriyya goyo mai albarka, ke ce za ki yi mata kitson suna, da man kaɗanya.