Tuwon Masara a Ƙasar Italiya

Zuwa ga Hajiya Ramatu, uwargidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ƙasa ta yi miki sauƙi. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma da na dawo daga tafiya ke nake fara ba labari, kuma ban iya canza hali ba.

Na je Italiya, Hajiya. Kin tuna Baturen nan mai sayen fatar jar akuya a wurina, wanda kika ce hancinsa na riga shi shiga zaure? Shi ya matsa in je in huta. Gari ma ba daɗi: lakwal a rufe yara ba karatu, ma'aikata na yajin aiki, darajar kuɗinmu sefa ta faɗi, a unguwarmu ta Zariya nan Maradi maƙwabci ya daina gaida maƙwabci saboda jam'iyya. Yara suka ce in tafi ko zan riƙa cin abinci, don tun rasuwarki fura kawai nake sha. Ba mai ambatar sunanki a gabana, ni ma ban taɓa buɗe baki na ce kin rasu ba.

Ran nan da azahar Baturen ya kai ni wani ɗan gidan abinci a ƙauyensu, na wata tsohuwa. Na ce kifi nake so, don in kauce wa abin da bai halatta ba. Da aka ajiye faranti sai na yi dariya ni kaɗai. Tuwon masara ne, Hajiya. Su polenta suke ce masa. An zuba masa busasshen kifi da aka dafa da madara da albasa da man zaitun har ya narke. Na ƙetare hamada da teku, ashe abincin ƙauyen Jiratawa zan tarar.

Ya yi daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Bai kai naki danƙo ba, kuma ba yaji ko kaɗan, amma na ci kamar wanda ya kwana a gona. Sai da na ajiye cokali na lura da abin da hannuna ya yi. Na ci tsakiya, na tura na gefe waje ɗaya, na gyara shi tsaf.

Rabonki ke nan. Tun kina amarya ba ki zuba naki sai na gama. Kina cewa, "Alhaji, ka bar mini na gehe, shi ya hi shan miya." Ko ranar da muka je biki garin Tsibiri aka raba mu kwano, sai da kika aiko a karɓo miki ragowata, mata na yi miki tsiya.

To, a can barin abinci zagin mai girki ne. Tsohuwar ta fito daga kicin, ta riƙe ƙugu, tana nuna farantin tana faɗa. Baturen ya fassara mini cewa tana tambaya me ta yi wa tuwon da na ƙi shi. Na ce masa na iyalina ne. Ta waiga ta ga kujera ba kowa, ta tambaya ina matar take.

Nan ne na faɗa, Hajiya. A gaban mutanen da ba su san ki ba, cikin guntun Faransancina, na ce kin rasu. Kunya ta kama ni.

Tsohuwar ba ta ɗauke farantin ba. Ta matso da shi gabana, ta sa mini cokali a hannu, ta tsaya a kaina yadda kike tsayawa kan yara. Tuwon ya huce. Na ci shi loma-loma, hawaye na zuba, har na suɗe farantin.

Gaskiyarki, na gefen ya fi shan miya. Shekaru nawa kina cin mafi daɗi ina zaton sadaka nake miki.

Na dawo Maradi, na fara cin tuwo. Kwanon yana komawa wanke-wanke ba ragowa, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na cinye miki rabonki, ki yafe mini.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya ciyar da ke da abin da ya fi wannan, Ya haɗa mu a kwano ɗaya.

Mijinki,
Alhaji Isufu mai fata